Jar Akuya Ta Je Garwa

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a majalisarmu ta gindin dalbejiya a nan Kiru, kafin in kai kofi baki wani zai ce, "Malam Tanko, wai da gaske a kan babur kuka je Kamaru?" Ina cikin ba shi amsa wani ya iso, a ce in koma farko. Labarin har ya fara tsawo da kansa, don ranar kasuwa na ji wani yana rantsuwa wai mun yi tsere da zaki. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, da ɗan bokon da na tsira da shi kafin mahaifina ya cire ni daga aji huɗu ya miƙa mini fartanya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni da shayina.

Mu uku muka yi tafiyar, kuma babu cikakke a cikinmu. Ni idona garau yake, ina hango ɓarawon rake tun yana gida yana niyya, amma gwiwata ta dama ta mutu tun da na faɗo daga kan rumbu. Sai babur ɗina, wanda nake kira Jar Akuya saboda ja ce kuma ba ta jin magana. Batirinta ya riga mu gidan gaskiya tun tuni, don haka ba ta tashi sai an buga mata kik, fitilarta ma ba ta kamawa sai inji yana aiki. Na ukun shi ne Hassan, ɗan kawuna, taubashina, wanda muka tashi tare muna zagin juna tun ba mu san ma'anar zagin ba. Da ƙuruciya ya yi haƙar kuza a Riruwai, ƙafarsa har yau kamar taɓarya take. Idonsa ne ya gaza. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin da ya rage masa kamar mai leƙe ta bakin kwalba yake gani, shi ma sai da haske mai ƙarfi. Daga la'asar kuwa sai dai kunne.

Wata rana ya dawo daga asibiti a Kano, ya same ni ina gyaran igiya, ya zauna bai ko tsokane ni ba.

Ya ce, "Tanko, likita ya ce in akwai abin da nake son gani, in je in gani, kada in jira kaka."

Na ce, "To ga ni, kalle ni da kyau."

Ya ce, "Abin da nake so na ce."

Na san abin da yake nufi. Hassan ɗan tagwaye ne. Usainarsa ta auri wani ɗan kasuwa da ya tafi da ita Garwa tun muna samari, kuma rabonta da gida tun rasuwar mahaifiyarsu, wadda muke kira Inna. Yanzu mijin ya rasu, ita kuma ƙafafunta sun riƙe, ba ta fita daga ɗaki. Suna waya, har irin wadda ake ganin juna, amma a ɗan gilashin nan Hassan ba ya ganin komai, sai dai ya yi ta cewa ya gan ta sarai. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa mata halin idonsa ba.

Na ce mu nemi mota. Ya ce ba zai ƙarar da ɗan hasken da ya rage masa yana kallon ƙeyar wani fasinja ba. Ya ce, "Kai ka riƙe kan Akuyar, ni in riƙa tayar da ita." A nan ne na ji zuciyata tana tsalle kamar ta yaro ranar sallah. Dama babban ɗana Sagiru ya ɓoye makullin tun bara, wai na tsufa. Abin da bai sani ba, makulli biyu ake sayar da babur da su, na biyun yana cikin tukunyar irin wake.

Mun fita bayan sallar asuba, lokacin an gama noman ƙarshe dawa ta fara ɗaukar ciki, babu aikin da zai yi kewarmu. Maiɗakina ta ɗaure mana tsarabar Usaina a buhu: daddawa, da kuka, da busasshen kifin Bagauda. Ta ce, "In kun faɗi, ban san da tafiyar nan ba." Na ce in mun dawo fa? Ta ce, "To ni na shirya ku."

Ga yadda muke aiki, don a fahimci abin da zai biyo baya. Ni zan hau in riƙe maƙogwaron mai. Hassan zai tsaya a gefen dama, ya dafa kafaɗata, ya lalubi kik da tafin ƙafa, ya yi bisimilla ya sauke mata nauyinsa. In ta tashi, ya zagayo ya hau baya. Da ba don shingayen sojoji ba da sau ɗaya za mu riƙa yin wannan a wuni, amma a hanyarmu dokar ita ce duk mai babur ya kashe, ya sauka, ya tura har ya wuce shinge. Farkon da muka yi haka a bakin dajin Falgore, bayan mun wuce Tudun Wada, wani matashin soja ya tare mu.

Ya ce, "Baba, ina zuwa?"

Na ce, "Kamaru."

Ya dube ni, ya dubi Akuya, ya dubi Hassan da ke gaishe da buhun yashi a zaton mutum ne. Ya kira abokin aikinsa ya ce ya zo ya ji. Suka tsaya suka kalli yadda muke tayar da ita tun daga bisimilla har hayaƙi, na biyun ya ce, "In kuka yi faɗa a hanya fa?" Hassan ya ce, "Ai tun Kiru muke yi, ɗana. Ba dai ma rabuwa."

A cikin dajin na ɗauki aikin gaya masa abin da ke gefen hanya, tunda shi gaba kawai yake iya leƙawa. Na ga birai zaune a kan kwalta kamar masu jiran mota, na faɗa masa. Da na ga ya ji daɗi sai na ƙara masa da giwaye. Sai ya ce, "Tanko, giwayen nan naka da ɗan Fulani a bayansu yana yi musu fito?" Daga nan na rage ƙarya, amma ban daina ba.

A Doguwa muka karkata zuwa Riruwai, muka sauka gidan wani tsohon abokin haƙarsa, Baba Yohanna. Tsohon ya miƙo hannu, Hassan ya miƙa nasa gefe guda. Baba Yohanna ya kamo hannun da nasa biyu ya riƙe har ya zaunar da shi. Washegari da rana ta fito sosai ya kai shi bakin tsohon raminsu, wanda yanzu ya zama tafki, ya juya masa kai da hannu yana cewa, "Nan ne ka faɗa da kwanon abincina." Suka yi ta musu a kan kwanon da ya ɓata tun ba a haifi Sagiru ba. Da za mu tafi Baba Yohanna ya ja ni gefe ya ce, "Kada ka yi wasa a hanya." Na ce to, amma maganar ba ta shige ni ba a lokacin.

A Saminaka na yi abin da har yau Hassan yake ci mini fuska da shi. Mun wuce wani shinge, ya buga kik, Akuya ta tashi, na ji buhun tsaraba ya motsa a bayana na ɗauka shi ne ya hau. Na ja. Na yi tafiya mai nisa ina ba shi labarin masara, irin gonakin da ido ba ya kai ƙarshensu, ina cewa mutanen nan da masara suke biyan sadaki. Da na ji bai ƙaryata ni ba sai jikina ya ba ni. Na kai hannu baya na taɓa daddawa. Na juyo a guje, na same shi zaune a benci wajen wata mai gasa masara, yana ci yana ba ta labarin haƙar kuza.

Na ce, "Ko ihu ba ka yi ba?"

Ya ce, "Ihun me? Ƙafarka tana wurina. Shinge na gaba za ka tuna da ni."

Jos kuwa, duk wanda ya ce muku ya san sanyi bai je ba, ku ce ya zo mu yi magana. Ana tsakiyar damina mutane na yawo da rigunan sanyi, ruwan alwala kamar an ciro shi daga firji. Muna shiga gari wani mai kaki ya ɗaga mana hannu, ya ce ba mu san an hana acaɓa a nan ba? Na ce ranka ya daɗe ni ba ɗan acaɓa ba ne. Ya nuna Hassan ya ce wannan fa? Na ce wannan ba fasinja ba ne, yana cikin kayan injin. Ya ce in tayar da ita da kaina ya gani. Na ɗora gwiwar nan tawa a kan kik, Akuya ta yi wani tari ta yi shiru. Hassan ya matso ya buga sau ɗaya. Mutumin ya juya baya yana dariya don kada mu gani, sannan ya kwatanta mana hanyar da za mu bi ta bayan gari, har ya nuna mana inda za mu ci abinci. A nan na fara cin gwatensu, wanda tsaki da ganye da wake duk a tukunya ɗaya ake zuba su, babu tuwo daban babu miya daban. Na tambayi mai abincin ina miyar, ta ce tana ciki. Na ce ina tuwon, ta ce yana ciki. Na ci kwano biyu don in tabbatar.

Gangarowa daga Jos zuwa Bauchi shi ne inda na fi jin daɗin duniya. Hanya ta miƙe, duwatsu a hagu da dama, iska tana cika mini babbar riga har na zama kamar tantin biki. Hassan yana bayana yana waƙoƙin ma'aikatan kuza da ba su dace da mai furfura ba. Yara suna ɗaga mana hannu, direbobin manyan motoci suna yi mana ham. Na manta da gwiwa, na manta da Sagiru. A Bauchi na haɗu da masa. Mu a gida ƙanana muke yi, su tasu faffaɗa ce mai laushi, ga miya ga yaji ga man shanu. Mai masar, wata Hajiya mai faɗa da kowa, ta ce ba ta taɓa ganin Bakano mai ci kamar ni ba, na ce ai ba ta taɓa ganin Bakanon da ya zo a kan Akuya ba. Na ce wa Hassan sarƙar babur tana son gyara, muka ƙara kwana. Sarƙa lafiyarta ƙalau.

A Gombe muka kwana a shagon wani bakanike ɗan Bebeji da ya gane mu ta bakin magana. Da safe na fito na yi shimfiɗa a waje, rana ta fito har ta fara cizo. Hassan ya fito yana lalube, ya ɗaga kai sama ya ce, "Yau hadari ne, ko garin bai gama wayewa ba?"

Na dubi sama. Ko gajimare ɗaya babu.

Na ce, "Hadari ne." Ya ce, "Tanko, wannan ƙaryar ba ta kai ta giwaye daɗi ba." Ya zauna ya ɗiga maganin idonsa, muka jira. Sai da hantsi ya ɗaga sannan ya ce bakin kwalbar ya buɗe, amma ya fi na jiya ƙanƙanta. A nan maganar Baba Yohanna ta dawo mini. Daga ranar ban ƙara tsayawa don ciki ba. Kaltungo da duwatsunta, gadar Numan, gonakin rake, duk a guje na gan su. Taya ta yi faci sau ɗaya, na tsaya a kan mai facin kamar mai bin sa bashi har ya ce, "Baba, ko haihuwa za ku karɓa?" Yola ma ruwa kawai muka sha, da zafin da ya sa na yafe wa Jos.

Iyakar da muka bi kogi ce. A Gurin hanya ta ƙare, sai ruwan Faro shimfiɗe a gabanmu, ja wur, ya cika ya batse. Masu kwalekwale suka kama Akuya su huɗu suka kwantar da ita a ciki kamar ragon layya. Ni ɗan tudu ne, ruwan da na sani shi ne na buta. Na zauna a tsakiya na rungume buhun daddawa, ina karanta duk abin da na haddace har da wanda ban tabbatar da shi ba. Mai tuƙin ya tambayi Hassan, "Ɗan'uwanka ba shi da lafiya ne?" Hassan ya ce, "Jarumi ne, a kan tudu." Shi kuwa har hannu yake sawa a ruwa.

A ɗaya gaɓar jandarma, wato ɗan sandansu, ya karɓi katunanmu da takardun babur. Ya yi mana Faransanci, muka dube shi. Ya koma Fulatanci, na kawo ɗan wanda nake sayen nono da shi a kasuwar Kiru, wato gaisuwa da neman ragi. Da ya gaji sai ya ce da Hausa tsantsa, "Baba, mene ne a buhun nan yake wari haka?" Na kwance. Ya sunkuya ya shaƙa, ya lumshe ido, ya ce kakarsa mutuniyar Kano ce, rabonsa da irin wannan daddawa tun tana da rai. Muka gutsura masa, ya naɗe a hankici kamar turare.

Abubuwan mamaki a Kamaru suna da yawa, amma burodinsu ya fi tsaya mini. Dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, kuma ba sa sa shi a leda. Mutum da rigarsa mai kyau zai saƙale shi a hammata yana tafiya yana gaisawa da jama'a. Na sayi ɗaya, rabi muka ci, rabi na riƙa korar karnuka da shi. Ga mata a kan babur, da mayafinsu da jakarsu, wata har ta wuce ni tana yi mini ham. Hassan ya ce wa ya wuce mu haka? Na ce wani soja ne.

Mun shiga Garwa da la'asar sakaliya. Bello, babban ɗan Usaina, yana ta kiran waya yana cewa an yanka kaji. Ina cikin tambayar unguwarsu Hassan ya matse mini kafaɗa ya ce in tsaya.

Ya ce, "Ba zan shiga yanzu ba. In na shiga yanzu murya kawai zan ji, ita kuwa ina da ita a waya. Mu kwana a nan, mu shiga da hantsi."

Na ce, "Hassan, kaji."

Ya ce, "Kai ma ai mun ƙara kwana a Bauchi don masa."

Na ce wa Bello dare zai yi mana a hanya, muka kwana a barandar wani masallaci kusa da kasuwa, gidan ƙanwarsa yana can bayan wasu layuka kaɗan.

Gari ya waye da hadari, na gaske wannan karon, baƙi ƙirin daga gabas har yamma. Muna idar da salla ruwa ya sauko. Muka ce mu jira ya ɗauke, sai ga wani mutum da lema yana tambayar ina tsofaffin nan biyu masu lambar Kano. Ashe labarinmu ya riga mu isa. Bello ne. Ya durƙusa ya gaishe da kawunsa, ya ce mahaifiyarsa ko runtsawa ba ta yi ba, kuma irin wannan ruwan a nan yakan wuni ya kwana. Babu sauran dabara. Muka bi shi muna tura Akuya a cikin taɓo.

Ɗakin Usaina yana can ƙuryar gida, taga ɗaya ƙarama, ita ma an rufe saboda feshi, ga wuta an ɗauke. Ni mai ido ma sai da na tsaya kafin in gano ta a kan gado, jingine da bango. Hassan ya yi sallama, Bello ya zaunar da shi a tabarma. Ya juya fuskarsa wajen da yake zaton tana nan, ya saiti jeren kwanukan da ke gefen gadon.

Ta ce, "Hassan."

Ya ce, "Usaina. Kin yi ƙiba."

Matar nan kuwa ta rame har wuyanta kamar na zabuwa. Suka gaisa, suka tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya, na raye da na mace. Muryarsa daidai take, amma ina ganin hannunsa yana murza bakin tabarma. Mun keta ƙasa guda, ga ta nan kamu uku daga gabansa, kuma da ita da kwanukan duk ɗaya ne a wurinsa. In ce a kawo fitila a haska mata fuska, na karya alkawari. In yi shiru, ban san abin da zai rage a bakin kwalbar nan gobe ba.

To ni taubashinta ne, kuma taubashi yana da izinin rashin kunya. Na gyara murya na ce, "Usaina, tun muna yara kike cewa ba ni da abin aurenki. Yau na zo da lefe, kuma sai kin gani da idonki."

Ta ce, "Tanko, har yanzu ba ka yi hankali ba? Ni da ba na fita."

Na ce, "To lefen zai shigo."

Na fita cikin ruwa na kamo Akuya. Matar Bello ta ga na doso ƙofar surukarta da babur yana zubar da taɓo, ta dafe ƙirji tana magana da Fulatanci, ban nemi fassara ba. Na ɗaga tayar gaba na haye dokin ƙofa, na tsayar da ita a kan sabuwar ledar ɗaki, hancinta yana kallon gado. Na ce, "Hassan, taso ka nuna mata muryar amarya."

Ya miƙe, ya lalubo kafaɗata, na ji yatsunsa sun nutse a ciki. Ya gane.

Ya buga, shiru. Ya sake, shiru. Ruwa ya shiga filogi. Ƙafar da tun daga Kiru ba ta taɓa buga kik fiye da sau biyu ba, ranar ta yi ta bugawa har yana haki. Na cire filogin na goge da bakin rawanina, na hura, na mayar. Na ce a kunnenta, "Ke Akuya, yau ɗaya dai." Hassan ya yi bisimilla da ƙarfi ya hau da dukkan nauyinsa. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta ɗauka. Kwanuka suka hau rawa, kaji suka watse a tsakar gida. Na murɗa mai, fitila ta kawo, na karkata kan babur har hasken ya sauka a kan gado.

Usaina ta kare ido da hannu. Sai kuma ta sauke hannun a hankali. Ta zame mayafinta baya, ta gyara zama, ta miƙo fuskarta cikin hasken ta tsaya cak. Hassan ya saki kafaɗata, ya durƙusa a gefen fitilar, ya matsa, ya ƙara matsawa. Yana motsa kansa kaɗan-kaɗan, daga goshinta zuwa ido, daga ido zuwa haɓa, don bakin kwalbar ba ya ɗaukar fuska gaba ɗaya. Ita kuma ta juya masa dama, ta juya masa hagu.

Ya ce, "Kin zama Inna."

Ta ce, "Kai kuma ka zama Baba, har taurin kan. Kana zaton ban sani ba? Tun bara nake ajiye wayar tana kallon rufi, kana ce mini na yi kyau."

Hayaƙi ya cika ɗakin, Bello yana tari, matarsa tana tari, ni ma idona yana ruwa, kuma na tsaya a kan cewa hayaƙin ne. Na kai hannu zan kashe. Usaina, ba tare da ta kawar da fuskarta ba, ta ce, "Bar ta, Tanko. Bai gama ba."

Na bar ta har sai da ya gama.

Sauran zaman ba shi da labari mai yawa. Mun ci kajin, an yi miyar kuka da daddawar gida har maƙwabta suna leƙowa. Da rana ta dawo aka riƙa fito da Usaina tsakar gida a kan kujera, su zauna su biyu suna musu a kan wanda ya riga wani zuwa duniya. Bello ya kai ni bakin kogi na ga dorina, kuma wannan ba irin giwayen Falgore ba ce, ina da shaidu. Matar Bello ba ta yafe mini ledarta ba sai ranar da za mu tafi.

A dawowa ban yi sauri ba, shi ma bai ce in yi ba. Na tsaya a Bauchi da izininsa. Ina ba shi labarin hanya, wani ya ƙaryata, wani ya bari ya wuce. Mun iso ana yankan dawa. Sagiru ya karɓe makulli na biyun, ya haɗa da na farkon.

Kafin a gama sussuka sauran hasken Hassan ya tafi, kamar yadda likita ya faɗa. Yanzu ni nake biya masa da safe in riƙo hannunsa zuwa majalisa. In kuka dame shi da tambayar abin da ya gani a Kamaru, ba ya kawo burodi ko kogi, cewa yake ya ga Inna. Akuya tana zaure a ɗaure. Amma duk wanda ya san irinta ya san waya biyu ake haɗawa, ba ta damu da makulli ba. Wani lokaci in za mu wuce sai Hassan ya tsaya ya dafa kafaɗata ya lalubi kik ɗin da ƙafa, wai don kada ta manta. Jiya da ta tashi ya ce mini, "Fitilar ta kama?" Na ce ta kama. Ya ce, "To bar ta kaɗan."